Kofin Gahawa a Shagon Jiragen Abu Saleh

Tun da na dawo daga Riyad bakin shagona na ɗinki ya zama kamar kotu. Wannan ya ce na ga sarki? Wancan ya ce da gaske ne can ba a ɗauke wuta? In na ce abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani shagon ƙananan jiragen ƙasa, sai su kwashe da dariya, wai an kai tela ƙasar Larabawa ya dawo da labarin kayan wasan yara. To, na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi ina taka keke. Ga shi nan daga farko, wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa ya karanta.

Ƙanina Tasi'u ne sanadin tafiyar. Gyaran rediyo yake yi a nan Funtuwa kafin ya samu hanya ya tafi, shekaru da dama ke nan. Wanda ya ɗauke shi aiki, wato kafilinsa, wani dattijo ne da ake kira Abu Saleh. A can baƙo ba ya zama sai da takardar zama da ake kira igama, ita kuwa a ɗaure take da sunan kafili. In aiki ya ƙare, ko dai kafili ya sake ka ka koma hannun wani, ko ya sa a buga maka fita ta ƙarshe ka tattara ka koma gida. Mu kuwa mun ji ƙishin-ƙishin cewa shagon Abu Saleh zai rufe. Matar Tasi'u da 'ya'yansa suna nan gidanmu, babbar 'yarsa ta shiga makarantar koyon jinya, maganin hawan jinin Inna kuma da guminsa ake sayensa. In ka tambaye shi a waya sai ya ce komai lafiya. Ana cikin haka sai ga labari wai dattijon da kansa ya nema mini bizar ziyara. Inna ta ce in je in gano mata gaskiya da idona, tunda ɗan nata ya gaji ubansa wajen zurfin ciki.

Motar haya na shiga zuwa Kano ta Malumfashi da Gwarzo, na rungume jakar tsarabar Inna a cinya har muka isa, don ta yi mini gargaɗi kada in bari a danne mata man shanu. A filin jirgi wata Hajiya da ta saba zirga-zirga ta hango ganye ya leƙo daga bakin jakar. Ta tambaye ni ko goro ne, na ce shi ne, farare masu kyau ma kuwa. Ta ce in dai ina son in ga ƙanina ba ta bayan ƙarfe ba, to in rabu da shi tun a nan, can ba a shiga da goro. Haka na bi layin matafiya ina rabo kamar mai ɗaurin aure. Ban taɓa farin jini irin na ranar ba.

A jirgi na zauna kusa da wani ɗalibi ɗan Maraɗi da ke karatun addini a Riyad. Na gwada masa ɗan Larabcin da na tsinta a zauren malaminmu, ya saurara da ladabi, sannan ya ce Larabcin yana da kyau, sai dai in na yi shi a kasuwa za a ɗauka huɗuba na zo yi. Muka sauka Jidda, muka canza jirgi. Wajen duba fasfo na'urar ɗaukar zanen yatsu ta ƙi karɓar babban yatsana, allura da almakashi sun shafe shi tun tuni. Jami'in ya sa na goga shi a goshi, na hura masa iska, sai da ƙyar ta haƙura. Mai duba kaya kuma ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa su taru su gani. Ya tambaye ni abinci ne ko magani. Na ce duka biyun. Ya ɗaure da sauri ya ce in wuce.

Tasi'u na jirana a Riyad. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu, shi da nake yi wa wanka yana yaro. Ya rungume ni yana neman haɗa kumatunsa da nawa irin na mutanen can, na ture shi na ce ya ba ni hannu kamar ɗan mutane. Amma raina ya ɓaci da ganinsa, don na san ramar tunani in na gan ta.

Masaukina a unguwar Jaradiya yake, wani tsohon gida da 'yan ƙasarmu suka kama tare: magina, direbobi, da wani Bazamfare mai aikin fenti da ba ya rabuwa da rediyo. Da safe wake ne dakakke da wani faffaɗan burodi mai zafi, da rana kabsa, wato shinkafa da kaza a faranti ɗaya, kowa ya sa hannu. Na'urar sanyaya ɗaki ta ba ni mura tun kwanan farko, ga waje kamar tanda. Ranar da na fito da kuka da daddawar Inna aka tuƙa tuwon semo, sai na ga manyan mutane masu gemu suna lashe yatsu ba mai magana. Maƙwabcinmu ɗan Pakistan ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaya ko wani abu ne ya mutu a gidan.

Garin kuwa ba na mai tafiya a ƙasa ba ne. Wani direba ya zaga da ni unguwar Ulaya, inda benaye ke sa mutum ciwon wuya, ban ga mai tallar ko gyaɗa ba. Da idon tela na duba mutanen, na tausaya wa telolinsu: kowa farar jallabiya, yanka ɗaya, ba aska takwas ba aikin wuya. In an kira salla kuma duk shaguna sai su rufe. Ranar da na shiga sayen allurai ina ta zaɓe, sai na ji an ja ƙofa an tafi. Na yi sallata tsakanin bandiran yadi, na zauna har mai shagon ya dawo ya same ni ina duba masa kaya.

Shagon Abu Saleh a Dira yake, tsohon cikin gari, a wani lungu bayan masu sayar da darduma da turaren wuta, ba nisa da wata tsohuwar ganuwa ta ƙasa. Kafin ka isa sai ka yi ta kewaye shingaye, don a lokacin an farke titunan garin ana haƙar hanyar jirgin ƙasa na cikin gari. Mota ba ta zuwa ƙofar, ƙura ta rufe allon sunan. Ina tafe ina cewa a raina, mutum da girmansa ya ƙare a gadin kayan wasa.

Da Tasi'u ya kunna fitilu sai na haɗiye maganata. Kantoci ne har rufi, kowanne jere da jirage, wasu tsawon tafin hannu, wasu ba su fi yatsa ba. Akwai na gwangwani da ake ɗaura musu makulli a murɗa, fentinsu ya koɗe saboda hannun yaran da yanzu sun zama kakanni. Akwai baƙaƙen kawunan jirgi masu jan ƙafafu daga Jamus, koraye daga Ingila, da wani fari mai dogon hanci daga Japan. Mafi yawan na kantocin sama ba na sayarwa ba ne, dattijon ya tara su ne tun yana saurayi. A tsakiya kuma ga wani tebur da ya kusa cika ɗakin, an gina ƙasa guda a kansa: dutse da rami a cikinsa, gada, tasha, gonakin dabino, har da ɗan masallacin laka da dattijon ya gina da hannunsa. Tasi'u ya ɗiga wani mai a bututun wani tsohon kan jirgi, ya murɗa wani abu. Jirgin ya motsa, ya fara fitar da hayaƙi, ya yi kuka siriri, ya shige ramin ya fito ta can.

Sai na tuna tasharmu ta Funtuwa lokacin tana da rai, Baba yana riƙe da hannuna, ana loda auduga, mata suna tallar dafaffen ƙwai ta taga. Rabon da in ji kukan jirgi har na manta. Ban san lokacin da na durƙusa na daidaita idona da layin dogon ba, ina jiran ya sake zagayowa. Tasi'u ya ce haka kowa ke yi, har masu zuwa da direba da mai riƙe jaka.

Tasi'u ne mai jinyar jiragen duka. A matsayin direba aka ɗauke shi, sai wata rana dattijon ya same shi yana gyara rediyon mota, daga nan ya zaunar da shi a bayan shago da ƙarfen lanƙaya da ɗan buroshi. Shi ke goge layin dogo, shi ke canza wayoyi, shi ke zuba wa baƙi gahawa. Amma a kwanakin da na yi ina zama da shi, masu shigowa ba su taka kara sun karya ba. Yara sun koma waya, hanya ta toshe, gwiwoyin dattijon sun ƙi, 'ya'yansa kuma ma'aikatan ofis ne, ba mai sha'awar gado. Ya tabbatar mini rufewa ba fashi.

Na tambaye shi to ina makomar igamarsa. Ya ce bai sani ba. Na ce ya tambaya? Ya ce a'a. Nan fa muka yi ta. Ya ce mutumin nan ransa ne ake shirin naɗewa a kwali, ba zai je masa da tasa damuwar ba, in ya ga dama zai yi magana da kansa. Na ce kunyar da za ta fitar da 'yarsa daga makaranta ba kunya ba ce, wauta ce. Sai ya ce:

"Yaya, gobe zai zo ku gaisa. Ka yi mini alkawari ba za ka ɗaga maganar nan ba."

Na yi masa, ba don raina ya so ba.

Da hantsi Abu Saleh ya iso, babban ɗansa Saleh yana riƙe da shi. Ɗan siririn tsoho ne da sanda, gemunsa fari fat, idanunsa kamar na mai shirin tsokana. Aka shimfiɗa darduma a bayan teburin jirage, aka kawo dabino. Ya tambayi lafiyar Inna, da ta yara, da ta garinmu, ya sake tambaya, har na ce ashe akwai waɗanda suka kai mu jan gaisuwa. Tasi'u yana tsaye da butar gahawa a hannun hagu. Ya zuba ɗan kaɗan a wani kofi marar mariƙi, ya miƙo mini da dama.

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na ajiye shi a kan darduma a gabana. Kowa ya san haka ake yi. Ba za ka zauna gaban babba karo na farko a miƙo maka abu ka kai baki nan take ba, kamar wanda ya kwana da yunwa. Sai ka ajiye, a ce maka bisimilla, ka ɗan ja rai, sannan ka sha.

Saleh ya ɗago daga wayarsa. Dattijon ya mayar da dabinon da ya ɗauka, ya gyara zama, ya yi wata magana a hankali. Tasi'u ya ce mini da Hausa ta cikin haƙora in ɗauka in sha, don Allah in ɗauka in sha. Na ce sai ya gaya mini abin da aka ce. Ya ce a al'adar mutanen dattijon, baƙon da ya ajiye gahawa bai sha ba, to da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai an biya masa ita. Maigida kuwa mutuncinsa ne a kai. Abin da dattijon ya ce shi ne in faɗi abin da ya kawo ni.

Tasi'u ya juya ya ce masa wai jira nake ta huce. Dattijon ko kallonsa bai yi ba. Ya ce shekarun da suka yi tare sun isa ya san in yaron nan zai yi ƙarya takalmansa yake kallo. Sannan ya dube ni, ya sassauta harshe zuwa Larabcin littafi don in gane:

"Kai baƙona ne. Faɗi."

Alkawari na yi, ban manta ba. Amma ba ni na buɗe ƙofar ba, kuma na san in na ɗauki kofin nan na kurɓa, ta rufe ke nan. Na tuna Inna. Na tattaro duk Larabcin zauren da ya rage a kaina, na ce ɗan'uwana yana da 'ya'ya da tsohuwar uwa, abincinsu a ƙasar nan yake. Na ce in an rufe ƙofar shagon nan, ina roƙo kada a rufe da shi. Na san na karya nahawu ya fi a ƙirga, amma ba wanda ya yi dariya.

Dattijon ya daɗe yana kallon Tasi'u. Ya ce, "Kana son zama?"

Tasi'u ya ce, "Ina so, Ammi." Haka yake kiransa, wato baffa.

Ashe kowannensu kara yake yi wa ɗan'uwansa. Duk lokacin da dattijon ya tambaye shi gida, sai Tasi'u ya ce yana kewar gida, don abin da ɗan kirki zai ce ke nan. Dattijon kuwa ya ɗauka ya tsare yaron mutane shekara da shekaru saboda son ransa, babbar kyautar da zai yi masa ita ce ya sallame shi. Har ya sa Saleh ya fara shirin takardar fita ta ƙarshe. Bizar da ya nema mini ma don in zo in raka ƙanina gida ne, kada ya koma shi kaɗai.

Dattijon ya yi wa Tasi'u faɗa sosai. Ya ce sun ci abinci a faranti ɗaya, amma ya bar shi zai kore shi bisa kuskure yana ganin alheri yake yi. Tasi'u yana tsaye da buta a hannu, hawaye na zuba, bai iya ajiye ta ba. Sannan dattijon ya nuna kofina da sandarsa.

"Sha gahawarka. Abin da ka zo nema ka samu."

Na sha. Ta huce, ga ɗaci, ba ko ƙwayar sukari. Na miƙa kofin, aka sake zubawa, na shanye, aka sake. Ashe sai ka girgiza kofin ake sanin ka ƙoshi. Ina ta sha don kada in sake yin wani laifin, har sai da Tasi'u ya fizge kofin daga hannuna, dattijon yana dariya har da tari.

Ba a nan maganar ta ƙare ba, don sakin mutum daban, samun mai karɓarsa daban. Saleh ya ce zai tambaya, ya faɗa da irin muryar da ba ka sanin inda ta dosa. Tasi'u kuma ya yini bai yi mini magana ba, sai da yamma ya turo mini farantin abinci ya ce na iya abin kunya.

Sauran kwanakina a naɗe kaya suka tafi. Na ga ana nannaɗe tsofaffin jiragen da jarida, raina bai so ba, na sayo yadi mai laushi na zauna ina ɗinka musu riguna da hannu, kowanne daidai jikinsa. Kafin a kwance babban teburin, dattijon ya ce a kunna komai sau ɗaya. Ya aiki Tasi'u ya kira leburorin da ke haƙa a bakin lungun, waɗanda shingensu ya kashe masa kasuwa. Saleh ya ce za su shigo da ƙura. Dattijon ya ce su shigo da ita, mutane suna gina hanyar jirgi a cikin rana, ya kamata su ga abin da zai bi ta kai. Suka shigo da hulunan kwano a hannu, 'yan Indiya, 'yan Bangaladash, da wani ɗan Gusau da ya ji Hausarmu ya kusa faɗuwa. Jirage suka tashi gaba ɗaya, wannan na shiga rami wancan na hawa gada, hayaƙi ya cika ɗakin. Ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa. Dattijon bai kalli jiragen ba, fuskokinsu yake kallo.

Na baro Riyad ba a ce komai ba game da igamar. A jirgi ban iya cin abincin da aka kawo ba. Da Inna ta tambaye ni, na ce mata an yi alkawari, kuma wanda ya yi shi ba ƙaramin mutum ba ne. Ta ce to mu jira.

Makonni suka wuce. Wata ranar Asabar ina yanka wani yadi sai ga wayar Tasi'u. Ya ce an gama, an mayar da igamarsa hannun wani ɗan'uwan Saleh mai kamfanin gyaran kayan lantarki a Ulaya, har ya fara aiki. Na ajiye almakashi na zauna. Na tambayi shagon. Ya ce an rufe, an cire allon, in ka wuce ba za ka san an taɓa yin wani abu a wurin ba. Na ji zafin wannan har cikin raina, kuma har yau ina ji. Amma ya ce jiragen suna nan, an ware musu ɗaki a gidan dattijon, kuma jiya Juma'a an kira shi can bayan masallaci.

Na ce gyara aka kira shi ya yi?

Ya ce shi ma haka ya zata, har ya tafi da kayan aikinsa. Da ya shiga ya nufi inda butar gahawa take, sai dattijon ya daka masa tsawa ya ce ya zo ya zauna kusa da shi.

"Yaya," in ji shi, "Saleh ne ya tashi tsaye ya zuba mini."